Darasi na Tara: Ma'aikacin Awa da Ya Riga Lokaci Zuwa

A yawancin wuraren aikinmu da wata ake lissafin albashi, ko da yini, ko kuma jinga. Lebura ya san kuɗin yininsa, malamin makaranta ya san abin da zai shigo masa a ƙarshen wata, kuma ba mai tsayawa ƙirga ko bakwai da rabi ya iso ko takwas saura kwata. A Amurka ba haka abin yake ba. Fiye da rabin ma'aikatan ƙasar da awa ake biyansu: masu aikin kanti da gidan abinci, masu shara a asibiti, masu ɗaukar kaya a manyan rumbunan ajiya, masu kula da tsofaffi a gida. Cikinsu akwai Hausawa ba kaɗan ba, 'yan zangunan Ghana da 'yan Nijar da Najeriya, musamman a unguwannin Bronx da Harlem na birnin Niyok. Wasunsu sun daɗe har sun zama manajoji, wasu sun buɗe shagunan kansu suna ɗaukar ma'aikata.

Inda ake biya da awa, dole a sami abin da ke ƙirga awar. Shi ne agogon shiga aiki. A da kati ake zura masa ya buga lokaci. Yanzu dangwala yatsa ake yi, ko a danna a waya, amma har yau "buga kati" ake cewa. Tambayar wannan darasi ita ce: an ce a kama aiki ƙarfe 8:00, ma'aikaci ya buga kati 7:45. Minti 15 ɗin nan na wane ne?

Abin da doka ta ce

Dokar da ke kan gaba ita ce dokar ƙa'idojin ƙwadago ta tarayya, wadda ake taƙaita sunanta da FLSA. Shugaba Franklin Roosevelt ne ya sa mata hannu a watan Yunin 1938. Ta fara da mafi ƙarancin lada na senti 25 a awa da mako mai awa 44, aka sauko da shi zuwa awa 40 a 1940. Mafi ƙarancin ladan tarayya ya tsaya a dala 7.25 tun 2009, ko da yake jihohi da birane da dama sun ɗara haka nesa ba kusa ba. Duk awar da ta haura 40 a mako guda kuwa, ana biyan ta da lada ɗaya da rabi.

Ginshiƙin maganar shi ne yadda dokar ta ɗauki aiki. A wurinta, aikin da maigida ya sa a yi da aikin da ya gani ana yi ya ƙyale duk ɗaya ne. Idan manaja ya san ma'aikaciya ta fara jera kaya tun 7:45, ko kuma yana da dalilin da zai sa ya sani, to an yi aiki, kuma sai an biya. Cewa "ai ni ban sa ta ba" ba ta fid da shi. Ƙa'idojin Ma'aikatar Ƙwadago sun ƙara fayyacewa: hana aikin da ba a so nauyin shugabanni ne, kuma manna takarda a bango cewa an hana kama aiki kafin lokaci bai wadatar ba. Ba zai yiwu mutum ya naɗe hannu yana cin moriyar aikin ba, ranar biya kuma ya nuna takardar bango.

Ɗaya ɓangaren ma a fili yake. Wanda ya zo da wuri don kansa, ya buga kati, ya zauna yana shan shayi ko yana duba waya bai taɓa aikin komai ba, ba dole a biya shi wannan lokacin ba. Sai dai ƙa'idojin sun yi gargaɗi kada a bar tazara mai yawa tsakanin abin da agogo ya rubuta da abin da aka biya, domin hakan na sa a yi shakkar takardun gaba ɗaya.

Ke nan agogo shaida ne kawai. Abin da ake biya shi ne aiki. Duk sauran darasin nan bayanin wannan ne.

Shari'ar masana'antar tangaran

Rigimar ta tsufa. A garin Mount Clemens na jihar Mishigan akwai wata masana'antar kwanukan tangaran mai ma'aikata kusan 1,200, shimfiɗe a fili fiye da eka takwas. Ana ba su minti 14 kafin lokacin kama aiki su buga kati, su taka zuwa wurin aikinsu, su shirya. Shirin ba na wasa ba ne: sa rigar aiki, shafa mai ko naɗa ƙyalle a hannu, sa kariyar yatsu, kunna fitilu da injuna, buɗe tagogi, wasa kayan aiki. Kamfanin kuma yana fara lissafi ne daga cikar kwata ta gaba, ya tsaya a cikar kwatar da ta wuce. Mutumin da ya buga 6:46, ya fita cin abinci 12:14, ya dawo 12:46, ya tashi 4:14, awa takwas cif ake rubuta masa, alhali agogo ya nuna ƙarin minti 56.

Maganar ta kai Kotun Ƙoli a 1946, mai shari'a Frank Murphy ya rubuta hukuncin. Kotun ba ta ba ma'aikata duk minti 56 ɗin ba, domin ta yarda cewa agogo ba lallai ya nuna ainihin lokacin aiki ba. Wani ya zo da wuri ne don ganin dama. Amma ta ce tafiyar da dole a yi ta cikin masana'anta da shirye-shiryen nan aiki ne, in dai ba 'yan daƙiƙu ne da ba su taka kara sun karya ba. Ta kuma kafa wata ƙa'ida da har yau take cizon masu ɗaukar ma'aikata: idan maigida bai ajiye sahihan takardun lokaci ba, ma'aikaci zai iya kawo ƙiyasi mai ma'ana, sai ya rage wa maigida ya ƙaryata shi.

Cikin wata shida aka shigar da ƙararraki fiye da 1,500 a faɗin ƙasar, ana neman kusan dala biliyan 6. Majalisa ta firgita. A 1947 ta yi dokar da ake kira ta "ƙofa zuwa ƙofa", wadda ta cire tafiya zuwa wurin aiki da 'yan hidindimun kafin aiki da bayansa daga abin da dole a biya. Abin tausayi, su masu tangaran ɗin da suka tayar da ƙurar ba su sami komai ba: da aka mayar da shari'ar ƙaramar kotu, alƙali ya ce mintunan ba su kai a yi magana a kansu ba.

Dokar 1947 ba ta rufe ƙofa gaba ɗaya ba. A 1956 Kotun Ƙoli ta ce ma'aikatan masana'antar batir, masu cuɗanya da dalma da asid, sai an biya su lokacin canja kaya da wanka, kuma mahautan kamfanin nama sai an biya su lokacin wasa wuƙa. Dalili: aikin ba ya yiwuwa sai da su. A 2014 kuma kotun ta ce ma'aikatan rumbun Amazon a Nevada, da suka ce sukan tsaya har minti 25 a layin binciken sata bayan tashi, ba su da haƙƙi a dokar tarayya, domin ba don su bi layin bincike aka ɗauke su ba. Mutum na iya ganin hukuncin ya yi tsauri, ni ma haka nake gani, amma ma'aunin ke nan: shin abin da ake yi ɗin wani ɓangare ne na aikin da ba ya rabuwa da shi?

Da wannan ma'auni a auna safiyar kowane wurin aiki. Mai karɓar kuɗi da ke ƙirga canji a aljihun tebur kafin a buɗe ƙofa tana aiki. Mai amsa kiran kwastomomi da ke jiran kwamfuta ta tashi don ya shiga manhajar kamfani yana aiki. Kotunan ɗaukaka ƙara sun faɗi haka a 2021 da 2022. Ma'aikaciyar jinya da ke karɓar bayanin marasa lafiya daga wadda ta kwana tana aiki. Wanda manaja ya ce wa "ku riƙa zuwa saura kwata don mu yi ɗan taro" yana aiki, ko da tsayuwa kawai ya yi yana sauraro. Wadda motar haya ta sauke 7:30 ta zauna a ɗakin hutu, ita ce kaɗai ba ta fara ba. Ita ma da zarar waya ta yi ƙara ta miƙa hannu ta ɗauka ta ce "barka da safiya, me za a kawo muku?", an shiga lissafi.

Minti goma nawa ne?

Mu ƙaddara wani Alhaji yana da babban shagon kayan abincin Afirka a Bronx, da ma'aikata 12, kowa dala 18 a awa, awa 40 a mako. Kowannensu yakan fara aiki minti 10 kafin lokaci, ba a biya.

Minti 10 sau kwana 5, minti 50 ke nan a mako. Tunda sun riga sun cika awa 40, waɗannan mintuna na ƙarin lokaci ne, wato dala 27 a awa. Minti 50 ya kama dala 22.50. A mako 50, dala 1,125 ga mutum ɗaya, dala 13,500 ga su 12. Dokar tarayya ta ba da damar a waiwayi shekara biyu, ko uku idan da gangan aka yi. Shekara uku dala 40,500. Sannan kotu kan ɗora diyya daidai da abin da aka danne, ya zama dala 81,000, ban da kuɗin lauyan ma'aikata, wanda shi ma kan maigida yake faɗawa in ya sha kaye. A jihar Niyok ma shekara shida ake waiwaya.

Kada a ce ma'aikatan ai sun yafe. Tun 1945 Kotun Ƙoli ta ce ma'aikaci ba shi da ikon yafe wannan haƙƙi ta yarjejeniya tsakaninsa da maigida. Ko ɗan garinku ne da ka saukar a gidanka lokacin da ya zo, ko ba shi da takardun zama, aikin da ya riga ya yi sai an biya. Korar wanda ya kai ƙara kuwa wani laifi ne daban.

Dunƙule mintuna

Tun zamanin da akawu ke lissafi da fensir aka ƙyale a dunƙule lokaci zuwa minti 5 mafi kusa, ko minti 6, ko kwata. A tsarin kwata, minti 1 zuwa 7 ana mayar da su baya, 8 zuwa 14 ana tura su gaba. Wanda ya buga 7:53 an rubuta masa 8:00, ya yi asarar bakwai. Wanda ya buga 7:52 an rubuta 7:45, ya ci ribar bakwai. Wanda ya makara ya buga 8:07, shi ma 8:00 ne. Sharaɗin shi ne, idan aka tara na tsawon lokaci, riba da asara su daidaita.

A nan wayon yake. Wasu wuraren sukan ce ba a buga kati fiye da minti 7 kafin lokaci, kuma wanda ya makara ko da minti ɗaya ne za a rubuta masa gargaɗi. Kowa sai ya riƙa zuwa tsakanin 7:53 da 7:59 yana kama aiki nan take. Ba mai buga 7:52, ba mai ƙarfin halin buga 8:05. A takarda tsarin ba ya son kai, a aikace kullum gefe guda yake zubarwa, kamar mudun da aka bubbuge wa gindi: a ido mudu ne, a awo bai cika ba. Manajan da ke amfani da dunƙulewa ya kamata ya riƙa ɗauko takardun wata uku ko shida yana kwatanta ainihin mintuna da waɗanda aka biya. In ya ga ma'aikata ne ke asara a kai a kai, tsarin ya karye.

Shawarata ta fi haka sauƙi: a daina. Na'urar yau ta san minti har da daƙiƙa, ba wani akawu da zai wahala. Kotuna ma sun fara juya wa uzurin "ai kaɗan ne" baya. A 2018 Kotun Ƙolin Kalifoniya ta duba ƙarar wani ma'aikacin Starbucks da kan yi minti 4 zuwa 10 bayan ya buga fita, yana aika lissafin rana ta kwamfuta, yana kunna ƙararrawar tsaro, yana kulle ƙofa. Cikin wata 17 abin ya kama dala 102.67. Kamfanin ya ce bai taka kara ya karya ba. Kotun ta ce a dokar jihar ba za a yi watsi da mintunan da ake maimaitawa kullum ba, ta kuma lura cewa kuɗin zai iya sayen cefanen mako ko biyan kuɗin motar haya na wata guda.

Abin da manaja zai yi

A biya tukuna, sannan a ja kunne. Wannan jeri ba ya juyuwa. Doka ba ta hana maigida tsawata wa mai kama aiki kafin lokaci ba. Yana iya yi masa gargaɗin baki, ya bi da na takarda, har ya sallame shi in ya ƙi ji. Abin da ba shi da iko a kai shi ne ya hukunta shi ta hanyar goge mintunan.

Mu koma shagon Alhaji. Ya lura wani yaron shago yana buga kati bakwai da rabi. Ga yadda maganar za ta iya kasancewa:

"Zo nan. Na ga katinka, kwana huɗu a makon nan bakwai da rabi kake bugawa. Me kake yi in ka shigo?"

"Alhaji, motar kaya ce ke zuwa da sassafe. In na bar doya da buhunan shinkafa a bakin ƙofa sai su tare hanya, shi ya sa nake shigar da su. Ba sai an biya ni ba, wallahi."

"A'a, za a biya ka, awa biyu ne, yana cikin na Juma'ar nan. Amma daga Litinin kada ka taɓa komai kafin takwas sai na ce. Zan yi magana da direban."

Ku lura da tambayar farko. Alhaji bai fara da faɗa ba, ya tambayi abin da ake yi, sai ga shi matsalar ba ta yaron ba ce, ta jadawali ce. Sau da yawa haka ne. Idan ana buɗe ƙofa 8:00 kuma ana sa ran kwastoman farko ya tarar da komai a shirye, to wani ne ya shirya kafin 8:00, kuma kowa ya sani. Maganin shi ne a rubuta wa mutum ɗaya ko biyu su fara 7:30 a hukumance. Idan ana tsoron kuɗin ƙarin lokaci, a sallame su da wuri wata rana a cikin makon. A cikin makon dai: ba a haɗa mako biyu a raba. Wanda ya yi awa 42 a wannan mako da 38 a na gaba yana bin awa biyu na ƙarin lokaci.

Ana iya saita agogo ya ƙi karɓar kati sai saura minti kaɗan. Yana da amfani, amma yana da haɗari, domin ma'aikacin da agogo ya ƙi karɓa yakan ce bari in fara kafin ya buɗe. Nan an sami aiki ba tare da ko shaida ba, wanda ya fi na farko muni. Kulle agogo sai an haɗa da ido, da kuma wurin zama nesa da kanta da waya ga masu zuwa da wuri.

Gyaran kati shi ne inda manajoji suka fi faɗawa rami. Wani lokaci gyaran halal ne: mutum ya manta bai buga ba, ko ya buga sannan ya tafi ɗakin hutu. Amma a bar asalin lokacin a bayyane, a rubuta dalili, ma'aikacin ya sa hannu. Na'urorin zamani suna ajiye sawun duk wanda ya taɓa lamba, da ranar da ya taɓa, kuma sawun ne lauya ke fara nema. Manajan da ya zauna daren Alhamis yana mayar da kowane 7:48 zuwa 8:00 ya rubuta wa masu ƙara hujjarsu da hannunsa. Takardun albashi ana ajiye su shekara uku, katunan lokaci shekara biyu, wasu jihohi kuma fiye da haka.

Shi ma ma'aikaci yana da nasa. Ya sami ɗan littafi ya riƙa rubuta lokacin da ya fara da lokacin da ya tashi, kullum, ya kwatanta da takardar biyansa. In ya ga giɓi ya fara da manaja. In ba a gyara ba, akwai sashen lada da awoyi na Ma'aikatar Ƙwadago, kuma kai ƙorafi can ba a biyan ko sisi.

A gida fa?

Dokar ƙwadago ta Najeriya ba ta shiga lissafin mintuna haka ba. Sashe na 13 ya bar awoyin aiki ga yarjejeniyar ɓangarorin biyu, ko ta ƙungiyar ƙwadago, ko hukumar tsara albashi, ya ce abin da ya haura ƙarin lokaci ne, amma bai yanke farashinsa ba. Ghana da Nijar sun sa awa 40 a mako. Don haka a nan takardar ɗaukar aiki ce abin dubawa na farko. Mu kuma ciwonmu ya fi karkata ɗaya gefen: rajistar da ke bakin ofis, inda mai zuwa ƙarfe goma ke rubuta 8:00 ba ko kunya. Yanzu da na'urar dangwala yatsa ke shiga bankuna da masana'antu da ofisoshin gwamnati don kama masu makara, za ta riƙa rubuta masu sammako su ma.

Aikin aji

1. Ma'aikaciya na karɓar dala 20 a awa, tana cika awa 40. Kullum takan fara minti 12 kafin lokaci, kwana 5 a mako. Nawa take bi a mako 10?

2. A tsarin dunƙulewa na kwata, me za a rubuta wa wanda ya buga 8:52, da 8:54, da 9:08? Wa ya ci riba, wa ya yi asara?

3. Mai gadi ya iso saura minti 20, ya buga kati, ya zauna. Wanda zai canja ya miƙa masa makullai da rediyo ya tafi gida. Daga yaushe za a fara biyansa? Ku kawo dalili.

4. Ku kasu biyu-biyu, ɗaya manaja, ɗaya tsohuwar ma'aikaciya da ta girme shi, wadda ta shekara goma tana zuwa da wuri tana share shago ba a taɓa biyanta ba. Ku gwada yadda zai buɗe mata maganar, da abin da zai ce game da shekarun baya.